Asibitin da nake zuwa awo a Kano, da maganar rubela da ta hana ni barci kwana uku

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tun tuni nake cewa zan zauna in rubuta wannan abun, yau dai an ba yara hutu a makarantar da nake koyarwa na samu sarari. Magana ce a kan asibitin da nake zuwa awon ciki yanzu, asibitin kuɗi ne na mata da yara a nan cikin Kano, ba wani babba ba ne, bene hawa ɗaya, likitoci mata biyu da namiji ɗaya sai nas-nas. Ba zan kama sunansa ba saboda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan yi ƙorafi sosai. Yanzu cikina sati 24 kuma tun yana sati 7 nake zuwa, inaga na ga abin da ya isa in yi magana.

Bari in fara da dalilin da ya kai ni da wuri haka, dan Hajiyarmu ma da ta ji sai da tace ke kuwa ciki ko ƙwari bai yi ba har kin fara kai kanki asibiti. Yayata tana da yarinya, ta ukunta, yanzu shekararta 6. An haife ta 'yar ƙarama, a tsakiyar baƙin idonta na hagu akwai wani fari kamar ɗigon nono, kowa yace ai zai washe. Daga baya muka lura ko ƙofa aka buga ba ta firgita, wata rana tukunya ta suɓuce a kusa da ita kowa ya zabura ita ko gezau, har ta shekara biyu ba ta kira sunan kowa ba. Abin da ba a faɗa wa Yaya ba kaɗan ne, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ta cika fita da almuru tana da ciki, wata ma cewa tayi ta zuba ruwan zafi a makwarara ba bismillah, dangin miji kuma suka ce daga danginmu ne. Ni dai abu ɗaya ya tsaya min a rai, Yaya ta taɓa ce min tana da cikin wata biyu tayi ɗan zazzaɓi, wasu ƙananan ƙuraje jajaye suka feso mata daga fuska suka sauka jiki, kaluluwa ta fito mata a bayan kunne, gaɓoɓinta na ciwo, kwana uku komai ya baje. Farasitamol kawai ta sha. A lokacin ko mu ba mu san tana da ciki ba, kunsan yadda muke ɓoyewa.

Toh ranar farko da naje. Wurin akwai tsafta gaskiya, banɗakin mata da ruwa da sabulu da buta, in an ɗauke wuta ba a minti biyu an tada janareto. Yankar kati ba wahala, suna karɓar transfa da POS. Amma jira, wallahi akwai jira. Ƙarfe tara saura na isa ban ga likita ba sai sha biyu da rabi, kujerun roba ne kuma ga laulayi, mace na fama da tashin zuciya ta zauna awa uku da rabi ba abu ne mai sauƙi ba. Ba sa ba da lokaci, kowa da safe yake zuwa a bi layi. Daga baya na gane dalilin, likitar da kowa ke so ba ta sallamar mutum da wuri, kuma da na shiga na daina jin haushin jiran.

Dattijuwa ce, za ta yi sa'ar yayar mamanmu. Ta tambayi ranar da na ga al'ada ta ƙarshe, haihuwa nawa, ɓari, aikin da nake yi, da nace ina koyar da 'yan nazire sai ta ɗago ta kalle ni ta rubuta wani abu. Sai na kwashe labarin Yaya na faɗa mata ina jiran tace min in bar sa wa kaina damuwa kamar yadda aka saba. Sai ta ajiye biro tace Malama, kin taɓa jin rubela? Nace a'a Dakta. Tace ita ce ake kira ƙyandar Jamus, kuma duk da sunan ba ƙyandar da muka sani ba ce, bairos ɗinsu daban. Ga babba ko yaro ba komai ba ce, kwana uku ta wuce, wasu ma har kusan rabi za su ɗauka su warke ba ko ƙurji ɗaya. Ta tari da atishawa ake ɗauka. Matsalar duk tana kan ɗan da ke ciki.

Ta jawo takarda ta zana min. Tace a wata ukun farko ne ake gina komai na ɗan tayi, zuciya ta fara bugawa tun wajen sati na shida, ido da kunne da ƙwaƙwalwa duk a lokacin ake ƙera su, ƙwayoyin halittarsa suna ta rabuwa biyu huɗu takwas ba tsayawa. Bairos in ya shiga jinin uwa sai ya bi ta mabiyiya ya isa ga ɗan, shi kuma bai da garkuwar da zai kare kansa, sai ya shige cikin waɗannan ƙwayoyin ya rage musu saurin rabuwa, wasu ya kashe su, ya kuma lalata bangon ƙananan jijiyoyin jini. Duk gaɓar da ake kan ginawa a satin da ya shiga ita ke samun naƙasa. In ya shiga madubin ido sai farar yana ta rufe shi, shine farin da muka gani. In ya taɓa wani abu can cikin kunne mai siffar dodon koɗi, wanda shi ke karɓar sauti ya miƙa wa ƙwaƙwalwa, sai kurumta, kuma ita ce tafi yawa. A zuciya akwai wata jijiya da ya kamata ta rufe kanta bayan haihuwa sai ta ƙi rufuwa. Tace in mace ta kamu a farkon ciki, kamar kafin sati 12, cikin goma har tara ɗan zai iya taɓuwa, ko ɓari ko a haife shi da matsala, amma in ciki ya wuce sati 20 da wuya a ga naƙasa. Ina jin haka jikina yayi sanyi, dan lokacin da abin yafi haɗari shine daidai lokacin da muke kunyar faɗa, muna jira sai wata biyar ko shida mu je yankar kati.

Abin da ya ƙara min ganin girmanta, ba ta yanke hukunci a kan 'yar Yaya ba. Tace alamun sun yi kama sosai, amma gwajin da ke tabbatarwa a jariri ake yinsa a watannin farko, yarinya mai shekara 6 an wuce wurin. Sannan tace ki gaya wa yayarki ba laifinta ba ne, ba abin da ta ci ba ne ba inda ta taka ba ne. Na yi kuka a ofishin nan.

Da na koma gida na bi sunan da ta ambata na karanta. Wani likitan ido ne a Sidni ta Ostareliya, Norman Gregg, a 1941 ya ga jarirai masu yanar ido sun yi yawa ba kamar yadda aka saba ba, ya tattara guda 78, ya bi iyayen da tambaya sai ya samu 68 daga cikinsu sun yi rubela da ƙaramin ciki a annobar da aka yi kafin nan. Kafin shi likitoci sun ɗauka mahaifa katanga ce, kuma duk naƙasar haihuwa gado ce, irin dai abin da dangin mijin Yaya suka riƙe. A Amurka ma annobar 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai wajen 20,000 da wannan matsalar, sai a 1969 aka samu allurar rigakafi. Mu nan ta ƙyanda kaɗai aka yi mana muna wata tara, sai a watan Oktoba na 2025 aka fara kamfen ɗin allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14. Na tuna lokacin da masu allurar suka zo makarantarmu akwai iyayen da suka aiko a cire 'ya'yansu, da na san abin da na sani yanzu da gida gida zan bi su ina roƙo, dan yaron da aka yi wa ba zai kwaso ya kawo wa uwarsa ko matar yayansa mai ƙaramin ciki ba.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai, kuma sosai. Dakta ta rubuta min gwajin jini, na sauka ƙasa wajen biya, sai yarinyar da ke kan kanta tace ai gara in yi babban fakej gaba ɗaya, TORCH suke ce masa, ya haɗa rubela da wani bairos mai suna CMV da wasu, tace duk masu zuwa shi suke yi. Kuɗinsa ya kusa rabin albashina. Tsoro ya riga ya kama ni, na kira Abban yara ya turo na biya. Ranar Juma'a da yamma aka kira ni rizot ya fito, naje wani saurayi a ɗakin gwaji ya miƙo min ambulan ba ko uffan, na buɗe a cikin adaidaita na ga an rubuta rubela IgG fozitif, CMV IgG fozitif. Na koma da gudu aka ce Dakta ta tashi sai Litinin, likitan da ke kan aiki yana tiyata, nas ɗin tace ba hurumina ba ne in fassara. Daren Juma'a da Asabar da Lahadi ban runtsa ba, ina ta kallon ɗana yana barci ina tunanin wanda ke ciki, abinci ma ya gagara.

Litinin da ta duba sai tace Alhamdulillah Malama, wannan ai albishir ne. IgG tsohuwar garkuwa ce, yana nufin kin taɓa yin rubela tun tuni ƙila kina yarinya ba a ma sani ba, jikinki ya riga ya san ta. Wanda ke nuna sabon kamu shine IgM, naki kuma negetif ne, shi ɗin ma in ya fito fozitif ba a tsayawa a kansa dan yakan yi ƙarya, sai an maimaita. Da na faɗa mata yadda na kwana uku ranta ya ɓaci, ta kira shugabar nas a gabana tace kar a sake ba mai ciki irin wannan takardar ba wanda zai mata bayani. Tace kuma ita ba duka fakej ɗin ta rubuta ba, ba kowace mace ke buƙatarsa ba. Kuɗin dai ba a dawo min da shi ba. Dan haka duk wadda za ta je ko'ina ne, ki riƙe takardar da likita ta rubuta ki ce abin da ke jiki kawai za a miki, kuma kar ki karɓi rizot ranar da likitarki ba ta nan.

Na tambaye ta to wadda nata ya fito negetif fa? Tace allurar rubela mai rai ce da aka raunana, ba a yi wa mai ciki, sai dai ta kiyaye kanta daga mai zazzaɓi da ƙuraje, tana haihuwa a yi mata, kuma shayarwa ba ta hanawa. Wadda ba ta da ciki in an yi mata ta jinkirta wata ɗaya kafin ta ɗauka. Shiyasa tace inda ya kamata a duba wannan shine kafin aure, yadda ake gwajin jinotayif da HIV. Ta ƙara da wani abu da ban taɓa kawowa ba, jaririn da aka haifa da rubela yana iya fitar da bairos ɗin a fitsari da majina har shekara ko fiye, ga mu kuma da zuwa barka kowa ya karɓi jariri ya sumbata.

Maganar CMV ce tafi shafata saboda aikina. Tace shine bairos ɗin da yafi kowanne yawan kama jarirai tun a ciki, a Amurka wajen jariri 1 cikin 200 ake haifa da shi, cikin waɗannan kuma 1 cikin 5 ke samun matsala mai ɗorewa, yawanci ji ne ke raguwa, wani lokaci ma lafiya ƙalau za a haifi yaro sai daga baya kunnen ya fara mutuwa. Ba shi da allurar rigakafi, kuma IgG ɗinsa ba kamar na rubela ba ne, yana rage haɗari amma bai rufe ƙofa gaba ɗaya, ana iya sake kamuwa da wani nau'in ko tsohon ya farka. A yawu da fitsarin ƙananan yara yake zama, su kuma garau suke. Sai ta fara lissafo abubuwan da nake yi kullum kamar tana gidana, kina cinye ragowar abincin ɗanki? kina sa cokalinsa a baki ki ji zafi? kina share wa 'yan ajinki majina da hannu? kina masa tsarki ki ɗauraye hannu da ruwa kawai? Duk eh. Tace sabulu, kowane lokaci, sumba kuma a goshi ko a ka, kofi da cokali kowa da nasa. Yanzu akwai sabulu a jakata, sauran malaman ma sun fara aro. In an yi zargin jariri na da shi, a sati ukun farko ake gwada fitsarinsa ko yawunsa, bayan nan ba za a bambance na ciki da wanda ya ɗauka a waje ba.

Ƙarambau ma tayi maganarsa a gurguje, tunda na yi ina ƙarama tace ba damuwa, wadda ba ta taɓa yi ba ce za ta guji gidan da ake yi, musamman rabin farko na ciki da kuma dab da haihuwa. Ni na ɗauko mata zancen bairos ɗin Zika dan na tuna hotunan jariran Burazil masu ƙananan kai a 2015, tace shi ƙwayoyin da ke gina ƙwaƙwalwa yake kai wa hari shiyasa kan bai girma, sauro ne mai cizon rana ke yaɗa shi, kuma asalinsa a dajin Zika na Yuganda aka fara gano shi a 1947. Ba ta tsorata ni da shi ba, tace gidan sauro da zubar da ruwan da ya kwanta dama wajibi ne saboda maleriya. Gwajin ciwon hanta da HIV da tunjere kuwa suna cikin kuɗin awo na asali, ba ƙari, kuma sun ce suna yi wa jariri allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, na tambayi wata mai jego a layi tace an yi wa nata tun kafin a sallame su.

Sikanin na sati 20 shima na yaba. Mace ce ke yi amma Talata da Alhamis kawai take zuwa, sauran ranaku namiji ne, wadda ta damu da wannan ta tambaya kafin ta biya. Ta fi minti talatin a kaina, ta juyo min da allon tana nuna min, ga zagayen kai ta auna, ga ɗakunan zuciya huɗu, ga ƙashin baya, ga ƙoda, ga ruwan da yake ciki daidai. Ba irin na minti biyar ɗin nan da za a ce miki yana motsi, kansa na ƙasa, tashi ba. Kuma ta faɗa min gaskiya tace na'ura ba ta ganin ji, dan haka sikanin mai kyau ba shi ke nufin an gama ba. A nan suke da giɓi, ba su da na'urar gwada jin jarirai, sai dai su rubuta takarda a je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko cibiyar kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Asibitin da ke karɓar irin wannan kuɗin ya kamata ace ya mallaki tasa. Ido dai Dakta tace ita da kanta take haska wa duk jaririn da aka haifa a wurin kafin sallama, dan yanar ido ta jariri a watannin farko-farko ake so a cire, in an daɗe ko an cire idon bai koyi gani ba. Na 'yar Yaya sai da ta haura shekara aka yi, har yau da na dama take aiki.

In maki goma ne zan ba su bakwai. Likitar ita kaɗai goma ce, mai sikanin tara, kanta da ɗakin gwaji su suka ja su ƙasa, ga jira, ga tsada, mai ƙaramin ƙarfi zai ji jiki. Magungunansu ma sun fi na kemis ɗin waje kuɗi, folik asid da maganin ƙarin jini a waje nake saya kuma ba su hana ba. Amma a nan zan haihu in Allah ya yarda.

Da na kai wa Yaya saƙon Dakta shiru tayi ta daɗe, sai tace min shekara shida kenan tana tsarin iyali a ɓoye saboda tsoron kar ta sake haifar wani haka a sake cewa daga ita ne. Na koma na faɗa wa Dakta, tace in dai rubela ce to jikinta ya riga ya samu garkuwa, ba a cika yinta sau biyu ba, ta zo a ɗebi jini a duba IgG, in babu a yi mata allura ta jira wata ɗaya, kuma ta taho da yarinyar a saurari zuciyarta dan ba a taɓa dubawa ba. Talata mai zuwa tare za mu, mu uku, na ce mata ta karya da wuri ta taho da ruwa a gora saboda layin.